Shuɗin Evans da jijiyar zomo: yadda muke gano inda furotin ke ratsa bango kafin kitse ya kwanta

Kitsen da ke toshe jijiyoyin jini ba ya kwanciya ko'ina daidai wa daida. Duk wanda ya taɓa tsaga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya ya shimfiɗa ta ya san haka: nan fari tas, can kuma, tazarar da ba ta wuce milimita biyu ba, ya yi rawaya ya kumbura, alhali jini ɗaya ne mai kolestarol ɗaya ke bi ta kansu duka. Wuraren da abin ya fi kamawa su ne inda jijiya ta lanƙwasa da bakin inda reshe ya fita. Aikin da zan bayyana shi ne yadda muke bincika ko waɗannan wurare sun fi sauran barin furotin na jini ya ratsa su tun cutar ba ta fara ba. Da zomo muke yin sa, da wani rini da ake kira shuɗin Evans.

Cikin jijiya shafe yake da ƙwayoyin halitta layi ɗaya tak, wato endotiliyam, shi ne shinge tsakanin jini da bango. Shi kuma rinin, da ya shiga jini sai ya manne wa albumin, furotin da ya fi kowanne yawa a ruwan jini. Nauyin ƙwayar rinin kusan 960 ne, na albumin kuwa wajen 66,000, don haka da sun haɗu rinin ba shi da zaɓi, duk inda albumin ya sa ƙafa nan zai bi. Inda shingen ya yi sako-sako, bango zai yi shuɗi.

Zomo ya daɗe a wannan aiki. Tun 1913 Nikolai Anichkov ya nuna a Rasha cewa idan aka ciyar da shi kolestarol kitse kan kwanta a jijiyarsa. Faɗin babbar jijiyarsa a ƙirji milimita 4 zuwa 5 ne, ana ganin komai da ido, ga jijiyar kunne mai sauƙin huda. Ɓera ya fi araha, amma yawancin kolestarol ɗinsa a cikin HDL yake, wato ƙwayoyin ɗaukar kolestarol da ba su ke kwanciya a bango ba, yawanci sai an cire masa wata ƙwayar gado yake kamuwa, jijiyarsa kuma siririya ce ƙwarai.

Mukan raba zomayen gida biyu, kuma a nan masu farawa suka fi yin ɓarna. Idan ka ciyar da zomo kolestarol har kitse ya kwanta sannan ka yi masa allurar rini, tabbas wurin kitsen zai yi shuɗi, amma ba ka gano komai ba, domin shi kansa ciwon yana ƙara buɗe shingen. Saboda haka rukunin farko abincinsu na kullum suke ci, a kansu ake zana taswirar inda furotin ke shiga. Rukuni na biyu, sa'o'insu a shekaru da jinsi da nauyi, su ake bai wa kolestarol don a zana taswirar kitse. Daga baya a ɗora wannan bisa waccan. Ba a taɓa dabba ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da tsarin a rubuce, likitan dabbobi kuma yana wurin. Zomo ba ya jure zafi. Ɗakinsu bai kamata ya wuce digiri 21 ba, wanda a yanayi irin namu, musamman Maris da Afrilu, yana nufin na'urar sanyaya ɗaki da janareta a gefe. Zomon da zafi ya galabaitar ba ya cin abinci, kuma aikin mako takwas kan lalace a kan haka.

Haɗa rinin ba wuya. Giram 1 na garin a mililita 100 na ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin ɗari, a kaɗa har ya narke, a tace ta matata mai ƙofar maikuromita 0.22. Kada a tsallake tacewar: ɓurɓushin da bai narke ba kan maƙale a ƙananan jijiyoyin huhu. Muna ba da mililita 2 ga kowane kilo, wato miligiram 20, zomo mai kilo biyu da rabi ya sami mililita 5 ke nan. Akwai lissafi a bayan wannan adadi. Ruwan jinin zomo wajen mililita 40 ne a kowane kilo, albumin ɗin da ke ciki kusan giram ɗaya da rabi, don haka kusan ƙwayar rini ɗaya ce ke fuskantar ƙwayar albumin ɗaya, kuma albumin na iya riƙe fiye da haka. Mai son shuɗi ya fito sosai a hoto kan ninka adadin sau uku ko huɗu. Sakamakon shi ne rinin da bai sami albumin ba ya yi ta yawo shi kaɗai, ya ratsa inda furotin ba zai iya ratsawa ba, ya je ya manne wa zaruruwan bango. Hoton zai yi kyau, amma ba furotin yake nunawa ba.

A kunnen zomo akwai jijiyoyi biyu da ke fitowa fili. Ta tsakiya mai bugawa ce, ba ita muke so ba. Ta gefen kunne ake bi. A aske gashin wurin, a shafa man kashe zafi, a jira kamar minti 30 zuwa 45, a naɗe zomon a tawul, a sa siririyar allura mai fukafukai lamba 23. Rinin a ɗuma shi ya kai ɗumin jiki, a tura a hankali cikin minti ɗaya zuwa biyu. Kafin ka gama za ka ga dasashinsa da cikin kunnuwansa da gefen idonsa sun rikiɗe daga ruwan hoda zuwa shuɗi. Idan kuwa kunnen ne ya kumbura ya yi baƙi-baƙi a wurin allura, dasashi bai canza ba, to rinin a ƙarƙashin fata ya zube. Wannan zomon ya fita daga lissafi, domin ba wanda ya san nawa ya shiga jininsa.

Mukan bar rinin ya zagaya minti 30. Tsawon wannan lokaci shi ke yanke abin da kake aunawa. Gajeren lokaci yana nuna saurin shiga. Idan ka bari awa uku ko fiye, abin da ya shiga ya fara fita ta bayan bango, abin da kake gani kuma ya zama shiga a ɗebe fita. Daf da cikar lokaci a ɗebi jini daga ɗaya kunnen, don a san yawan rinin da ke cikin jinin wannan dabba takamaimai. Sai a ba da heparin, awo 1000 zuwa 2000, don kada jini ya daskare, bayan minti biyu a bi da allurar barci ta fentobabital mai yawan da ba a farkawa, likita ya tabbatar rai ya fita.

Daga nan komai da agogo ake yi. Jini ya tsaya cak, cike da rini, kwance a kan endotiliyam da ya daina samun iskar shaƙa. Kowane minti da ya wuce shingen na ƙara saki, rini na shiga inda bai shiga ba lokacin da dabbar ke raye. Don haka kayan wanki a haɗe suke tun kafin a fara: ledar ruwan gishiri da kwalbar fomalin, ruwan sandarar da nama, mai kashi 10 cikin ɗari, a rataye a sanda ɗaya, da famfo mai baki uku da ke sauya su. A buɗe ƙirji, a sa kanula, wato siririn bututu, a ɗakin zuciya na ƙasa na hagu, a tsaga na sama na dama don ruwa ya sami mafita. Tsayin ratayar shi ne matsin. Milimita 1 na ma'aunin hawan jini daidai yake da santimita 1.36 na ruwa, saboda haka matsin 90, wanda ya yi kusa da na zomo mai rai, yana buƙatar leda ta kasance santimita 122 sama da zuciya. Da awo ake yi, ba da ido ba. Idan ta yi ƙasa, jijiya za ta sandare a tsuke, cikinta ya yi tamoji-tamoji, bakin rassa ya karkace. Idan ta yi sama da yawa, ko aka tura da sirinji da ƙarfin hannu, ana iya yage shimfiɗar endotiliyam alhali jini mai rini bai gama fita ba. Kumfar iska ɗaya a cikin roba ma ta isa ta kankare endotiliyam a tsawon santimita da dama, ta bar dogon layi shuɗi mai kaifin gefe. Wanda ya saba yana gane wannan layi nan take, domin shuɗin gaskiya ba ya miƙewa haka, gefensa a dushe yake.

Wankin ruwan gishiri gajere ne, mintuna kaɗan, iyakar ruwan da ke fita ya washe hanta ta yi haske. Idan ya daɗe sai ya fara kwashe albumin ɗin da ya riga ya shiga bango. Sai a juya famfo zuwa fomalin na minti 20 zuwa 30 a matsi ɗaya.

Ciro jijiyar aikin haƙuri ne. A kawar da huhu da maƙoshi, a bi ta a kan ƙashin baya daga zuciya har inda ta rabu biyu a ƙugu, ana yanke rassa da barin ɗan guntu kamar milimita 2 a jikinta. Bayanta lulluɓe yake da kitse da tantani masu ƙananan jijiyoyi, waɗanda a kullum sukan sha rini sosai. Bangon ba shi da kauri, don haka idan ba a feƙe wannan tantani ba zai hasko ta ciki ka ɗauka shimfiɗar ce ta rine. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ake cire shi, da hantsaki mai siririn baki, jijiyar na cikin ruwa, ana canza ruwan da zarar ya fara shuɗi. Tsagawa kuma ta gaba ake yi, ɓangaren da ke kallon ƙirji, domin rassan da ke shiga tsakanin haƙarƙari ta baya suke fita. Idan ka tsaga daidai, bakunansu za su jeru layi biyu a tsakiyar abin da ka shimfiɗa. Idan ka tsaga ta baya, ka bi ta kan abin da ka zo dubawa ke nan. A kafe da ƙananan fil a kan farin kaki, a rufe da ruwa don kada ƙyalli ya ɓata hoto, a ajiye rula a gefe, fitila da saitin kyamara kuma kada a taɓa su daga zomon farko har na ƙarshe.

Ga abin da ake gani. Yawancin jijiyar ƙirji fara ce mai ɗan rawaya. Lanƙwasar da ke kusa da zuciya tana da shuɗi a faffaɗe. A bakin kowane reshe kuma akwai ɗan tabo. A ƙaramin zomo ɗan wata uku tabon na ƙasa da bakin ne, ɓangaren da jini ke nufa, mai siffar jinjirin wata ko kan kibiya. A zomon da ya manyanta, ya haura wata shida, tabon kan koma gefe da gefe da saman bakin. Peter Weinberg da abokan aikinsa a Landan sun yi shekaru a kan wannan sauyi, suka kuma nuna cewa wurin kwanciyar kitse ma yana ƙaura da shekaru haka nan. Shi ya sa gauraya yara da manya a rukuni ɗaya kan ba da taswirar da ba ta kama da ta kowa ba. Idan aka sa guntun a madubin da ke haska rini, shuɗin kan koma ja mai walƙiya, sai ka ga ashe tabon ba shafe yake bai ɗaya ba, ɗigo-ɗigo ne. Wasu ɗigon na kewaye da ƙwayar da ke tsakiyar rabuwa biyu ko wadda ke mutuwa, inda haɗin da ke tsakaninta da maƙwabtanta ya buɗe na ɗan lokaci. A irin waɗannan wurare jini ba ya tafiya sumul, yana juyi yana komawa baya kamar ruwa a kwanar rafi, ƙwayoyin shimfiɗar kuma ba sa jeruwa a miƙe yadda suke yi a sauran wurare.

Ido ba ya ba da lamba. Don samun adadi mukan ware wasu zomaye a wanke su da ruwan gishiri kawai, ba fomalin, domin naman da aka sandarar ba ya sakin rini da kyau. A yanko gutsattsari daga wuri mai shuɗi da wuri fari, a tsane, a auna nauyi, a jiƙa a fomamaid, ruwan da ke zuƙo rinin daga nama, a digiri 55 na awa 24, a karanta ruwan a na'urar auna launi a nanomita 620. Ragowar jini na ƙara wa lambar, don haka ake sake karantawa a 740 a yi gyara. Abin da aka samu a raba shi da yawan rinin da ke jinin dabbar. Fomamaid na cutar da ɗan tayi, mai juna biyu ba ta taɓa shi, kuma a cikin akwatin zuƙe tururi ake buɗe shi.

Rukuni na biyu ba su da wahalar allura, sai ta jira. Giram 5 na kolestarol a kowane kilo na abinci, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari, giram 100 zuwa 120 na abincin a rana, mako takwas. Kolestarol ɗin jininsu kan tashi daga ƙasa da miligiram 100 a desilita ya haura 1000, amma ba daidai suke hawa ba, wani ya ninka wani a kan abinci ɗaya, don haka ake gwada jini duk mako biyu. Ƙara adadin ko tsawaita lokacin kan kashe hanta, ka ga zomo ya yi shawara. Jijiyarsu ana wanke ta a sandarar kamar ta farko, sannan a rina kitsen da Sudan IV: giram 5 a mililita 500 na asiton da 500 na barasar gwaji mai kashi 70, minti 15, a rage da mai kashi 80 na minti 20, a bar ta ƙarƙashin famfo awa guda. Kitse ya fito ja wur. A kwamfuta sai a aza raga a kan bakin kowane reshe, a daidaita su wuri ɗaya, a fitar da matsakaicin shuɗi da matsakaicin ja a kowane gida na ragar.

Taswirorin biyu sukan yi kama sosai, musamman a bakin rassa. Amma a nan gizo ke saƙa, domin albumin ba LDL ba ne, wato ƙwayar da ke ɗauke da kolestarol ɗin da ke kwanciya a bango. Faɗin albumin kusan nanomita 7 ne, LDL kuwa wajen 22. Ƙofar da ta ishi na farko ba lallai ta ishi na biyu ba. Girma na da tasiri ƙwarai: a 1988 Nordestgaard da Zilversmit sun nuna cewa zomaye masu ciwon suga da ke cin kolestarol, duk da jininsu ya yi fari don maiƙo, jijiyarsu ta tsira, domin ƙwayoyin da ke ɗauke da kitsen sun yi girman da ba sa iya ratsa bango. Iyakar tana wajen nanomita 70. Sannan ba ta tsakanin ƙwayoyi kaɗai LDL ke bi ba. Ƙwayar endotiliyam kan haɗiye shi a ɗan ƙunshi ta wannan gefe ta tofar ta wancan, kuma a 2019 masu bincike a Dallas ta Amurka suka nuna a ɓeraye cewa wani furotin mai suna SR-B1 na cikin masu yin wannan dako. Shuɗin Evans ba ya bambance waɗannan hanyoyi. Wanda ke son amsar LDL sai ya ware LDL ɗin kansa ya sa masa alama, aikin da ya fi wannan tsada nesa ba kusa ba.

Abu na biyu ya fi nauyi a ganina. Shiga daban, zama daban. Ƙananan jijiyoyin jiki sun fi babbar jijiya yoyo nesa, kusan kashi 5 cikin ɗari na albumin ɗin jini na fita ta cikinsu kowace awa, amma kitse ba ya toshe su, domin akwai magudanun da ke kwashe abin da ya fita su mayar da shi jini. Ɓangaren ciki na bangon babbar jijiya ba shi da irin waɗannan magudanai. Matsin jini na tura ruwa ta cikin bango zuwa waje, ruwan ya wuce, LDL ya tsaya a bakin wani tantani mai talewa da ke ƙarƙashin shimfiɗar. Elspeth Smith ta Aberdeen ta auna wannan a jijiyar mutane, ta tarar LDL ɗin da ke wurin ya fi na cikin jini yawa. A wurin kuma akwai wasu zaruruwa masu cajin lantarki kishiyar na apoB, furotin da ke naɗe da LDL, sai su riƙe shi. Schwenke da Carew sun gano a 1989 cewa a farkon ciyar da zomo kolestarol, abin da ya bambanta wuraren da ke kamuwa shi ne daɗewar LDL a cikinsu, fiye da ƙaruwar shigarsa. Williams da Tabas suka tsara wannan ra'ayi a 1995, a 2002 kuma ayarin Jan Borén a Suwidin ya gwada shi da ɓerayen da aka sauya wa apoB yadda ba ya kama zaruruwan: kolestarol ɗinsu ya hau kamar na sauran, ciwon jijiya kuwa ya ragu ƙwarai. LDL ɗin da ya maƙale shi ke lalacewa, fararen ƙwayoyin jini su biyo shi su haɗiye, su cika da maiƙo, su zama jan da Sudan IV ke nunawa. Don haka idan na ga wuri mai shuɗi sosai da kitse kaɗan, ba na gaggawar cewa gwajin ya ɓaci.

Abin da ke shiga bango lissafi ne na abu biyu da ake ninkawa: sauƙin ratsa shingen da yawan LDL a jini. Zomon rukunin farko yana da tabon shuɗi tun yana ƙarami, kuma da wuya kitse ya kwanta masa, domin lamba ta biyu ƙarama ce. A mutum, magungunan rage kolestarol lamba ta biyu suke taɓawa. Hawan jini na ƙara tura ruwa da abin da ke cikinsa ta bango, shi ya sa jijiyar huhu, mai ƙarancin matsi, ba ta cika kamuwa ba sai matsinta ya hau, haka kuma jijiyar ƙafa da aka ɗauko aka dasa a zuciya kan fara tara kitse bayan ta koma ƙarƙashin babban matsi. Taba da ciwon suga kuwa shingen kansa suke raunanawa.

Ba a yi wa mutum wannan gwaji, amma akwai abin da ya yi kusa da shi a asibiti. A 1989 likitocin asibitin Steno a Denmak suka kawo hujjar cewa albumin ɗin da ke fita a fitsarin mai ciwon suga alama ce ta yoyon jijiyoyin jiki gaba ɗaya, ba na ƙoda kaɗai ba, kuma an tabbatar masu wannan alama sun fi fuskantar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ana auna albumin a gwada da kiriyatinin, wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, a fitsarin safe, daga miligiram 30 a kowane giram zuwa sama ake cewa ya wuce ƙa'ida. Gwaji ɗaya bai isa ba. Ana so biyu cikin uku su nuna haka a tsakanin wata uku zuwa shida, kuma ba a ɗaukar fitsarin lokacin zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko jinin al'ada, ko washegarin aikin ƙarfi, domin duk waɗannan kan sa albumin ya fita na ɗan lokaci.